Fasfon Hajiya ya maƙale, an ce in kawo naira 40,000: in bayar ko in haƙura?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ita tsakani da Allah, domin kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyata ce likitoci suka ce sai an yi mata aikin ƙugu. Mun haɗa kuɗi ni da ƙannena, wani asibiti a Alƙahira ya ba mu rana. Fasfonta tun na aikin Hajji ne, wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa. Na cike fom ta intanet, na biya naira 100,000 na mai shafi 32, aka ba mu rana, na kai ta aka ɗauki hotonta da yatsunta. Yau mako bakwai ke nan. Na koma ofishin sau biyar, amsa ɗaya ce: bai fito ba, ka dawo wani mako.

Ranar ɗaukar hoton ba zan manta da ita ba. Daga sallar asuba muka fita. Hajiya ba ta iya doguwar tsayuwa, sai na shimfiɗa mata darduma a gindin wata darbejiya, ta jingina da sandarta, ga ɗan fulas ɗin kununta a gefe. Muna nan zaune ina kallon wani mutum mai riga ruwan toka yana shiga yana fita ta ƙaramar ƙofa, ambulan a hammata, duk shigar da zai yi da mutum biyu ko uku a bayansa. Waɗanda suka zo da hantsi suka gama suka tafi, mu sai bayan azahar aka kira mu.

Shekaranjiya mutumin nan ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, na ga kana ta sintiri. Ka kawo dubu arba'in, kwana huɗu ka zo ka karɓa." Na ce ai na biya kuɗin gwamnati. Ya ce wancan na gwamnati ne, wannan na tura fayil ne. Saura kwana 19 ranar asibiti, ga biza ba a ma fara ba. Kuɗin ina da su. Abin da ban sani ba shi ne matsayina a wurin Allah idan na bayar.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Tunatarwa ga masu amsawa: kada a ambaci sunan ma'aikaci, ko gari, ko a sa hoton wani. A tattauna matsalar kawai.

Alhaji na Kwari:
Baban Khalifa, ka ba shi. Wallahi ka ba shi yau ɗin nan. Lafiyar uwa ake magana. Ni fatauci nake yi, na sabunta fasfo ya fi sau huɗu, ban taɓa zama jiran layi ba, domin kwana ɗaya da zan ɓata a benci ya fi abin da zan bayar tsada. Ba kai ka lalata ƙasar nan ba, kuma ba dubu arba'in ɗinka ce za ta gyara ta ko ta rusa ta ba. Idan ranar asibiti ta wuce, masu ce maka ka yi haƙuri ba su ne za su kwana suna jin nishin Hajiya ba.

Maman Ummi:
Alhaji, ka yi haƙuri, maganarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kai da ba ka taɓa zama a benci ba, ka taɓa tambayar kanka wa aka ture aka sa ka a gaba? Mu ne. Bara ɗana ya samu gurbin karatu, aka ce sai ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Mijina ya rasu, ni ce uwa ni ce uba. Na je sakatariya sau shida, kowace tafiya kuɗin mota da na babur. Yau a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, gobe a ce fom ya ƙare, jibi a ce mai hatimi ya kulle durowa ya tafi da makulli. A gabana wani yaro ya zo da mota, ya shiga, ko minti ashirin bai yi ba ya fito da takarda a hannu. Ashe fom bai ƙare ba, ga irina ne ya ƙare. Ranar a bakin titi na zauna na yi kuka, ba don kuɗin ba, don yadda aka mai da ni ba kowa ba a garin da aka binne cibiyata.

Ban ce Baban Khalifa ya bar mahaifiyarsa cikin ciwo ba. Amma kada a ce wai bayarwar ba ta cutar da kowa.

Alhaji na Kwari:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ban yi nufin ɓata miki rai ba. Amma ki gaya min, idan na ƙi bayarwa, ke za a yi wa da wuri? Sai dai mu zauna a bencin mu biyu.

Maman Ummi:
Idan mun zauna mu biyu, da mu ɗari, wanda ya kulle durowar wa zai sayar wa? Dole ya buɗe.

Mai Kafe:
Kafin a yi nisa, bari in sa baki a matsayina na wanda cike fom ne sana'arsa. Baban Khalifa, tambaya ɗaya: sunan Hajiya da ranar haihuwarta da ke jikin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, daidai suke harafi da harafi da na tsohon fasfonta? Duba yanzu. A cikin mutanen da ke zuwa shagona da kukan fasfo ya maƙale, da yawa matsalar a nan take. A fasfo an rubuta Hauwa'u, a NIN an rubuta Hauwa. Ko Muhammad a nan, Mohammed a can. Iyayenmu kuwa yawancinsu ranar haihuwa ƙiyasi aka yi musu, wannan ofishi ya sa 1 ga Janairu, wancan ya sa wata rana daban. Yanzu ba a yin fasfo sai da NIN, kuma na'ura ba ta san Hauwa da Hauwa'u mutum ɗaya ba ne. Idan bayanai suka saɓa, fayil ya tsaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, sau da yawa ba a gaya wa mutum dalili. "Ka dawo wani mako" kawai. Shi kuma ɗan kamashon da ke bakin ƙofa da wannan duhun yake cin abinci. Wani lokaci ma fasfon ya riga ya fito yana cikin akwati, shi ya leƙa ya gani, sai ya zo ya ce ka kawo kuɗi ya fito maka da shi. Ka biya kuɗin abin da ya riga ya zama naka.

Kuma a kula: duk kuɗin gwamnati yana da rasit. Ba a miƙa shi hannu da hannu a gindin bishiya.

Baban Khalifa:
Na duba. Sunan daidai yake. Amma shekarar haihuwa a NIN ta girmi ta tsohon fasfo da shekara biyu. Innalillahi. Wallahi ba wanda ya ce min komai a kan wannan.

Mai Kafe:
To ka gani. Ban ce lallai shi ne dalilin ba, amma daga nan za ka fara tambaya. Kuma idan shi ne, mai riga ruwan toka ba zai iya gyara shi cikin kwana huɗu ta hanyar gaskiya ba.

Tsohon Akawu:
Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, daga rajista na fara, a rajista na yi ritaya. Ina karanta maganganunku zuciyata tana min nauyi, domin gaskiya kuke faɗa, amma ba ita ke nan ba.

Akwai jinkirin da aka ƙirƙira, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Na yi aiki a ofishin da za a yi wata uku ba a ba mu ko rim ɗaya na takarda ba. Tawadar na'urar buga takardu da kuɗin aljihunmu muke saya. Janareta babu mai. Idan mutum ya zo yana gaggawa, sai a ce ya kawo na mai. Haka abin yake farawa, da hujja mai kama da gaskiya. Bayan shekara biyu ko da an kawo wuta, na mai ya zama al'ada, ba a daina karɓa. Daga nan sai ka ga masinja ya gano cewa fayil ɗin da ya ɓata yana da daraja fiye da wanda ke kan tebur. Na ga fayil ɗin fili da aka cusa a bayan kabad aka ce ya ɓata, mai shi ya yi wata takwas yana zarya, ranar da ya gane yaren, cikin awa ɗaya aka gano shi, har da kakkaɓe masa ƙura.

Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Ku lissafa buhun shinkafa, kuɗin haya, kuɗin makarantar yara. Ban kawo wannan don in halatta haram ba. Na san mutanen da suka zauna a teburi ɗaya da ni, albashi ɗaya, ba su taɓa karɓar ko kwabo ba, kuma Allah bai bar su sun wulaƙanta ba. Na kuma san manya masu albashi mai tsoka da suka fi kowa haɗama. Abin da nake so ku sani shi ne, kuɗin da ake karɓa a ƙofa ba a ƙofa yake tsayawa ba. Da na sama ba ya samun rabonsa, ɗan kamasho ba zai kwana biyu yana shiga ta ƙaramar ƙofa ba.

Maman Ummi:
Baba, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya. Amma talakan da ake tatsa shi ma albashin nan ko rabinsa ba ya samu.

Tsohon Akawu:
Haka ne 'yata. Ni kaina da na je bin haƙƙina na ritaya, yaran da na koya wa aiki ne suka ce in dawo wani mako.

Malam Abu Ammar:
Bismillah. Tunda Baban Khalifa ya tambayi matsayinsa a wurin Allah, bari in faɗi abin da ya sauƙaƙa.

Asali dai rashawa haramun ce, babu saɓani. Hadisin Abdullahi ɗan Amru da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Allah kuma ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 188 cikin Suratul Baƙara. Masu canza mata suna su ce na goro ne, ko alheri, ko ihsani, su tuna ƙissar mutumin da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Tana cikin Bukhari da Muslim. A ƙasar nan tamu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Cutar tsohuwa ce.

Sai dai malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙinsa, ya bi duk hanyar da zai iya bai samu ba, kuma cuta za ta same shi idan ya jira. Sun ce idan ya bayar don ya kuɓutar da haƙƙinsa, zunubin yana kan mai karɓa. Amma a lura da sharuɗɗan. Haƙƙinka ne tsantsa, ba na wani za a ɗauko a ba ka ba. Ka gwada sauran hanyoyi. Kuma lalura ce ta gaske, ba ƙyuyar bin layi ba. Wanda ya mai da bayarwa ɗabi'a don kawai lokacinsa ya fi na sauran mutane tsada, wannan rangwamen bai shafe shi ba.

Game da kai Baban Khalifa, ga abin da ya bayyana yanzu: akwai saɓani a shekarar haihuwa. Idan kuɗin da za ka bayar na a rufe ido a kan wannan saɓani ne, to ka fita daga neman haƙƙi ka shiga sayen abin da doka ba ta yarda da shi ba. Ka fara bin hanyar gyara. Allah ne mafi sani.

Alhaji na Kwari:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma na san da ni kake. Na karɓa. Amma ina da tambaya. Ƙasashen da muke zuwa saro kaya, akwai kuɗin gaggawa a hukumance, ka biya ƙari a ba ka rasit, a yi maka da wuri. Wannan ma haramun ne?

Malam Abu Ammar:
A'a Alhaji. Idan hukuma ce ta sanya shi a fili, kowa ya san farashinsa, kuɗin ya shiga baitulmali, wannan ciniki ne bayyananne. Bambancinsa da wancan shi ne, ma'aikacin ba ya samun riba idan ya jinkirta aikin sauran mutane. A rashawa kuwa jinkirin shi ne jarinsa.

Barista:
Malam ya gama da ɓangaren shari'ar Musulunci, bari in ƙara na dokar ƙasa. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a shekarar 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga ma'aikacin da ya nemi cin hanci ko ya karɓa, haka ma ga wanda ya bayar. Mutane da yawa suna zaton mai karɓa kaɗai doka ta sani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga abin da nake ba duk wanda takardarsa ta maƙale shawara, fasfo ne, takardar fili ce, ko ta fansho. Ka daina zuwa da baki kawai. Magana iska ce, wanda ya ce maka ka dawo wani mako ko fuskarka ba zai tuna ba. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin, gajeriya, shafi ɗaya. Ka sa lambar fom, ranar biya, ranar ɗaukar hoto, ka haɗa da kwafin rasit da takardar asibiti, ka nemi a gaya maka a rubuce me ya tsayar da aikin. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, ka sa a buga maka hatimin karɓa a ɗayan da kwanan wata. Wannan hatimin shi ne makaminka. Ma'aikaci yana tsoron takardar da ke nuna ranar da abu ya iso teburinsa.

Idan ba a kula ka ba, akwai teburin SERVICOM da aka kafa tun 2004 zamanin Obasanjo domin irin wannan koke a ma'aikatun tarayya. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, tana da ofisoshi a jihohi, kuma kyauta ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai su amsa buƙatar bayani. Ba na cewa duk waɗannan suna aiki yadda ya kamata. Amma na sha ganin wasiƙa mai hatimi ta tayar da fayil ɗin da ya yi shekara yana barci.

Ɗan Jami'a:
Barista, da girmamawa, wannan shawara ta masu boko ce. Kakana da ke ƙauye wa zai rubuta masa wasiƙa? Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, kullum sai a ce talaka ya gyara halinsa, alhali tsarin ne aka gina a kan wahalar da shi. Ku tuna Disambar 2020, da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN ko a rufe. Ana tsakiyar korona mutane suka yi dafifi a ofisoshi tun tsakar dare. Rajistar kyauta ce a doka, amma wa bai ji labarin inda aka riƙa karɓar kuɗi kafin a ba mutum lambar layi ba? Idan ka sa wa miliyoyin mutane wa'adi, ka ba su ƙofa ɗaya ƙanƙanuwa, ai kai ka buɗe kasuwar. A irin wannan gaggawar ce aka cusa wa mutane sunaye da shekarun da ba nasu ba, ga shi yau Hajiya tana biyan kuɗin kuskuren da wataƙila ba ita ta yi ba.

Kuma a duba fasfon kansa. A 2021 Ministan Harkokin Cikin Gida Rauf Aregbesola ya yi alƙawarin mako shida ga sabo, mako uku ga sabuntawa. A 2023 da Olubunmi Tunji-Ojo ya hau kujerar, shi da bakinsa ya ce ya tarar da fasfo sama da 200,000 a maƙale, kuma aka buga su cikin 'yan makonni. To idan ana iya yin haka cikin makonni, me ya hana a yi tun farko? Mai shafi 32 daga naira 35,000 ya koma 50,000 a Satumbar 2024, ya koma 100,000 a Satumbar 2025. Wanda ya biya wannan kuɗi bai kamata ya roƙi kowa ba.

Barista:
Ƙanena, ban musa maka ba, tsarin ne babbar matsala. Amma Baban Khalifa kwana 19 gare shi, ba zai jira a gyara Najeriya ba. Batun kakanka kuwa, kai ne za ka rubuta masa. Karatun da aka tura ka ke nan.

Kuma kada mu ɗauka kowa ya sallama. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 an ba ma'aikatan gwamnati cin hancin tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721. Adadi ne mai tayar da hankali. Amma binciken nan dai ya nuna kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka nemi su bayar sun ƙi aƙalla sau ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu ƙin. Masu cewa a'a suna nan da yawa, ba a dai jin labarinsu ne.

Mai Kafe:
In ƙara a kan maganar Ɗan Jami'a. Gaskiya komawa intanet ya rage wasu abubuwa. Tun farkon 2024 mutum yana iya ɗora hotonsa da takardunsa da kansa, kuɗi kuma kai tsaye yake tafiya asusun gwamnati. Amma wanda bai iya karatu ba dole ya bi ta hannun wani, kuma a nan ake yanka shi. Mu masu kafe ma akwai ɓata-gari a cikinmu, ba zan ɓoye ba. Wani zai karɓi kuɗin fasfo cikakke, ya cike fom, ya buga wa mutum takarda mai kama da rasit, alhali bai biya ba. Don haka ko wa ya cike maka, ka tsaya a kansa har ka ga shaidar biya ta fito daga shafin hukuma, kuma lambar wayarka za a sa, ba tasa ba.

Hajiya Babba:
Ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ke buga min. Ɗana Baban Khalifa, ka tambayi mahaifiyarka tukuna. Fasfonta ne, jikinta ne. Mu tsofaffi ba ma son a kai mu neman lafiya da abin da zuciya ba ta kwanta da shi ba. Allah ya yi maka albarka da kake wahala a kanta.

Baban Khalifa:
Amin Hajiya, na gode. Na gode muku duka. Gobe in sha Allah zan rubuta wasiƙar. Barista, zan turo maka ta gefe ka duba min.

Alhaji na Kwari:
Allah ya sa a dace. Amma ka tafi da kuɗin a aljihu, ko da wasiƙar ba ta yi aiki ba.

Baban Khalifa:
Salam 'yan zaure. Yau kwana 16 da maganarmu, na ga ya kamata in dawo muku da bayani.

Na tambayi Hajiya kamar yadda Hajiya Babba ta ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ciwon nan shekara uku ina tare da shi, mako biyu ba zai kashe ni ba sai in kwana ya ƙare. Kada ka ba kowa komai." Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, ranar da na kai wasiƙar kuɗin suna aljihuna, kuma da na hango mai riga ruwan toka sai da hannuna ya kai kansu. Na wuce shi dai.

A rajista da farko an ƙi buga min hatimi, aka ce in ajiye kawai. Na ce zan jira. Na yi kusan awa biyu a tsaye, sannan wata ma'aikaciya mai manyan shekaru ta karɓa ta karanta, ta ga takardar asibiti, ta buga hatimin, ta kuma kai ni wani ofishi da kanta. A nan aka buɗe kwamfuta, cikin minti biyar aka tabbatar da abin da Mai Kafe ya faɗa: shekarar haihuwa ce ta tsayar da komai, tun makon farko. Mako bakwai ina zarya a kan abin da za a gaya min cikin minti biyar. Matar nan ko ruwa ba ta nema a wurina ba. Da na yi mata godiya sai ta ce in gaida Hajiya.

Mun shiga gyara. Sai da muka nemo takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, muka yi rantsuwa a kotu, muka biya kuɗin gyara a hukumance da rasit. Har yanzu fasfon bai fito ba. Ranar asibiti ba za mu same ta ba, sun ɗaga mana zuwa wata mai zuwa, kuma Hajiya tana shan wahala da dare, ba zan ce muku abin bai dame ni ba. Ƙanena ɗaya har yau yana fushi da ni, ya ce taurin kaina ne ya jawo.

Akwai wani abu kuma. A gindin darbejiyar nan na haɗu da wani dattijo, daga ƙauye yake zuwa, Umara yake son tafiya da kuɗin shanun da ya sayar. Wata huɗu ke nan yana zarya, ko hoto ba a ɗauke shi ba. Ya ciro takardunsa daga cikin leda ya nuna min, duk sun yi laushi saboda ninkewa. Na duba abin da ya ce rasit ne, ban ga irin lambar da ke jikin nawa ba. Wanda ya cike masa kuma wayarsa a kashe. Mai Kafe, akwai abin da za a iya yi masa? Na karɓi lambar ɗansa.

Mai Kafe:
Ka ce ɗan ya kawo shi shagona ranar Asabar da safe, da takardar NIN da duk abin da ke cikin ledar nan, har da ƙaramar takardar da aka rubuta masa kuɗi in akwai. Zan duba ko an biya, ba zan karɓi komai ba. Idan ba a biya ba, Barista, sai ka taimaka mana da yadda za a kai ƙara.

Barista:
Ku kira ni idan sun iso. Ya zo da wanda ya raka shi ranar da ya miƙa kuɗin, in yana kusa.